Tsugunno Sau Goma

Ba zan taɓa mantawa da istaj ɗin da na yi a Dogon Dutsi ba, wato koyon aiki a asibiti, ko na so ma abokaina ba za su bari ba. Ina shekarar ƙarshe ta karatun kine, wato masu koya wa marasa lafiya motsa jiki, aka turo ni daga Yamai. Na iso da farar riga sabuwa fil, da matsattsen wando, da Hausar da rabinta Faransanci ne. Amma ji nake duk Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, ba likita sai ni.

A satina na biyu aka kawo Balki daga Guéchémé, 'yar shekara tara. Wani daɗaɗɗen ciwo ne da ita mai kumbura naman jiki daga ciki, ya cinye mata ƙarfin cinya da kafaɗa. In ta zauna a tabarma sai an ɗaga ta. Shi ya raba ta da lakwal, wato makaranta, don a ajinsu a ƙasa ake zama, ita kuma ta gaji da a riƙa ciccibar ta gaban yara. Magani ya sa ciwon ya lafa, babban likita ya ce saura motsa jiki a hankali, kullum, a gida. In an dage, bayan hutu ta koma aji.

Shugabata, wata dattijuwa da muke kira Tanti, ta ce in nuna wa uwar abin da za su riƙa yi. Balki ta sha hanya a kan babur, ta yi barci a cinyar uwarta. Ni kuma, tsakani da Allah, wandon nan ba na durƙuso ba ne. Bon, na ce baki ma ya isa. Abin da nake so shi ne ta tsugunna ta miƙe, ta tsugunna ta miƙe. To sunan abin fa? Tsugunno mana. (Hausa ai ba wuya!)

"Inna, kullum da safe ta yi tsugunno sau goma. Ta riƙe kujera. In ta gaji ta huta, ta ci gaba."

Matar ta dube ni. "Goma, likita?"

"Goma. In ta saba mu kai sha biyar."

"Ikon Allah," ta ce, ta goya ɗiyarta suka tafi.

Bayan sati biyu suka dawo. Ɗaki cike, mata da yara, ga wani tsoho mai ciwon baya a kan benci, Tanti na rubutu. Na gyara wuyan riga na ce, "Inna, ya aiki?"

"Likita, wanga aiki ya hi ƙarhinmu. Ɗiyar ga sau guda taka yi, in ta matsa biyu. Mun ba ta kunun tsamiya, mun ba ta gwanda. Kakarta har ta ce a jiƙa hilasko, ni ce a'a, sai an tambaye ka. Ɗiyar da ba ta cinye malmalar tuwo guda, ina za ta samo goma? Kujerar ma ubanta ya gaji da kai ta bayan gida."

Tanti ta ajiye biro.

"Ɗan Yamai, mi ka ce musu?"

Na maimaita, murya can ƙasa.

"Ka san abin da ake ce ma tsugunno a garin ga? Kashi. Kashi sau goma ka rubuta ma ɗiyar mutane."

Aka kwashe da dariya. Tsohon ya ɗaga hannu: "Likita, ni ko biyu ka rubuta min na gode." Balki kuwa cewa ta yi, "Ni dama na ce ma inna wanga likita bai da lahiya."

Tanti ba ta yi dariya ba. "Sati biyu ka ci ma yarinya. Kama kujera."

Haka na yi goma gaban kowa, wando na kuka, Balki na ƙirga mini da Faransanci. Sannan ita ma ta kama kujerar. Uku ta yi, ƙafafu na rawa, a na huɗun Tanti ta ce ya isa haka yau.

Na koma Yamai. Wata rana da yamma muna fada da abokaina ana shayi, sai ga vokal, wato saƙon murya, daga wata lamba. Ni da ɗoki, na danna a fili, sai ga muryar uwar Balki.

"Likita, albishirinka! Balki ta koma lakwal. Yau tsugunno ashirin ta yi gaban ubanta da baƙi, ba wanda ya riƙe ta. Ta ce a hwaɗa maka kai ka koya mata!"

Na yi murna har ƙwalla. Su kuma shayi ya sarƙe mutum biyu.

Tun ranar, abin da jiki zai yi da jiki nake nunawa, na kuma koma sayen wando mai faɗi. Vokal daga Arewa kuwa, a kunne.