Yadda Yahuza Ya Canja wa Sarbar Uwa

"Ni da na yi shekaru a aikin sarbar a Duwala? Ku ba ni wuri kawai!"

Yahuza ke nan, ɗan unguwar Yakite, yana dukan ƙirji a bakin Titin Koudoukou. Kuma aboki, ba ƙarya ya yi ba. A Faransanci, babbar kwamfutar da ke ciyar da ƙananan kwamfutoci sunanta sarbar, mai kai wa mutane faranti a gidan abinci shi ma sarbar. Na faranti Yahuza ya yi. Ba wanda ya tambaye shi, shi kuwa bai ga dalilin yin bayani ba.

Lokacin sojoji na ta bore a Bangi, babban birnin ƙasar, yau harbi, gobe shiru. Shagon intanet na Hajiya Iyatu a unguwar Kilomita Biyar shi ne inda jama'a ke aika wa dangi saƙon cewa suna raye. Sai wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona babban allon cikin sarbar, wanda ake kira kat-mer, wato uwar kati. Mai gyaranta ya tsere Duwala ta Kamaru tun harbin farko, amma ya aiko da sabon allo ta hannun direba.

"Ɗan nan, ka tabbata?" in ji Hajiya. "Babu irinsa a garin nan."

"Hajiya, uwa ce ta mutu, ga kuma sabuwa. Ido rufe zan yi."

Malam Nasidi, wani dattijo da ke jiran aika wa 'yarsa saƙo Yamai, ya ja kujera ya zauna kallo.

Gogan ya naɗe hannun riga, ya kama turnabis, wato sukudireba, ya dira kan akwatin da ke ƙasa. Wuta ta fizge shi har hula ta tashi.

"Wannan ai akwatin batir ne," in ji Hajiya. "Sarbar ga ta a sama."

"Na sani! Gwada lafiyar wutar nake. Tana nan ƙalau."

Ya buɗe ta gasken, ya shiga tsige wayoyi kamar mai figar kaza.

"Ba za ka sa musu alama ba?" Malam Nasidi ya tambaya.

"Baba, duk suna cikin kan nan."

Ya zaro tsohon allo, ya goge shi da gefen riga har ya yi ƙyalli, ya kwantar da shi kusa da sabon a kan tebur, ya fara lacca a kan yadda Turawan Duwala ke kiransa da waya. Yana tsakiyar Bature na uku sai aka ji "dam!" a waje.

Kafin Hajiya ta ce innalillahi, Injiniya ya shige ƙarƙashin tebur, ya tafi da zanen teburin da duk abin da ke kai.

"Sun iso! Ku ce ba ku san ni ba!"

Malam Nasidi ya leƙa. "Tayar motar gawayi ce ta fashe. Fito."

Ya fito yana kaɗe gwiwa. "Ƙusa ce ta faɗi nake nema."

Ya tsinci allo ɗaya a ƙasa, ya cusa, ya danna da gwiwar hannu. Wayar da ta ƙi shiga ya lanƙwasa mata baki. Da ya gama, ƙusoshi suka yi saura cike da tafin hannu.

"Waɗannan fa?"

"Almubazzarancin Bature ne, Hajiya."

Sannan ya ɗauki ɗaya allon, ya nemi guduma.

"Me kuma za ka yi?"

"Sirrin kowa na cikin tsohuwar nan. In 'yan bore suka same ta, kun shiga uku." Ya ɗora ta a dandamali ya yi mata dakan sakwara. Masu jira a ƙofa har da tafi, wata na cewa singila, wato mun gode, Injiniya.

Ya gyara hula, ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa. Ko tari ba ta yi ba.

"An ɗauke wuta," in ji shi.

Kowa ya ɗaga kai ya dubi fanka tana ta juyi.

Hajiya ta sa tabarau, ta leƙa cikin sarbar, ta shinshina. "Yahuza, wannan baƙin tabon ƙuna fa?"

"Tambarin kamfani ne."

Ta sunkuya ta ɗauki ɓaraguzan dandamali. Ga su fes, har da 'yar takardar kamfani da ko ɓarewa ba a yi ba.

"Allahu akbar," in ji Malam Nasidi. "Ya yi wa mai rai jana'iza, ya mai da gawa ɗaki."

"Hajiya, ai a Duwala..."

"Madalla, can za ta." Ta naɗa masa gammo da zanen tebur. "Ɗauki. Tashar manyan motoci."

Haka Injiniya ya ratsa Koudoukou tsakar rana da sarbar a ka, gumi har cikin takalmi, Hajiya na biye da lema. Wani mai canji ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, sabon ɗan dako kika samu?"

"A'a," in ji ta. "Marainiya ce za a kai asibiti. Wanda ya kashe mata uwa ne ke renonta."