Ɗan Mahauta da Saran Fartanya

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka tura mu, ɗaliban likitanci, wani asibiti a Zurmi. Bincikena kan ɗalibai masu suma ne idan sun ga jini. Na lashi takobin raba su da wannan ragwantaka, ni da na girma a mayankar Kaura.

Sai aka kawo wani tsoho, fartanya ta sare shi a ƙafa.

"Ku matso ku koya," na ce wa 'yan ajinmu, na kwance tsumman da ya ɗaure ciwon.

A ƙasa na farka, tsohon yana yi mini fifita da malafarsa.

"Sannu, ɗana. In kira maka likita?"

Har yau, ko zakara za a yanka a gidanmu, sai ƙannena sun shimfiɗa mini tabarma tukuna.