Rasuwar Tutu, Firijin Ɗaki na Tara

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, da maƙogwaro a bushe, Mama Morenike Falade ta ɗaki na tara, gidan kula da tsofaffi da ke bayan Bodija a Ibadan, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramin firijinta, wanda aka fi sani da Tutu. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara shida a duniya, a gaban shaidu biyu, ɗaya na riƙe da biro.

Marigayin gajere ne, bai kai ƙugun Mama ba, fari, mai kawaici. Tare suka shigo gidan nan a shekarar da ciwon ƙafa ya raba Mama da shagonta na atamfa a kasuwar Gbagi. A gidan da sai an shigo ake ƙwanƙwasa ƙofa, tasa ce kaɗai ƙofar da Mama ke rufewa ta zauna a rufe. Bai taɓa kiranta "kakarmu mai ƙoƙari" ba. Bai taɓa tambayarta a gaban baƙi ko ta zaga yau ba. Maganarsa ɗaya ce, "hmmmm," can ya ce "ƙyas" ya yi shiru. Mama ta shaida cewa duk gidan ba ta ji wanda ya fi shi magana mai ma'ana ba.

Ya riƙe amana. Ya ɓoye miyar agushi, ya ɓoye ganda, ya ɓoye lemon kwalbar da likita ya haramta wa Mama saboda ciwon suga, bai taɓa tona ta ba. Albarkacinsa ɗaki na tara ya zama fada. Kullum da la'asar Baba Ogunbiyi na ɗaki na huɗu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, zai turo kekensa na guragu ya ce gaisuwa ya zo yi, bakinsa na gaida Mama, idonsa na gaida marigayin. Ita kuwa da ta saba ciyar da mutum ashirin a gidanta, ta sake samun abin miƙa wa baƙo.

Ciwon ajali ya faro da damina, lokacin da wuta ke zuwa ta tafi sau bakwai a yini. Ya fara zufa, ya koma fitsarin kwance, "hmmmm" ta zama "garrr-garrr." Mama ta san dokar da hukumar gidan ta kafa bara: firijin da ke ɗaki zai zauna muddin yana numfashi, wanda ya mutu kuwa ba a maye gurbinsa. Don haka ta yi jinyarsa a ɓoye. Ta goge ƙasa da tsohon zani. Ta ƙure rediyo idan ta ji takun Sista Adunni, shugabar masu jinya. Ma'aunin sanyin da aka rataya masa a ciki, wanda ake dubawa kowace safiya a rubuta a takarda, sai ta tsoma shi cikin kofin ƙanƙarar da ta roƙo daga kicin kafin a fara zagaye. Wata biyu cur, a takarda dai, babu mai lafiyar Tutu a gidan.

Ranar Lahadi Baba Ogunbiyi ya ci miyar agushin da ta kwana huɗu, har ya nemi ƙari. Ya yi kwana biyu yana zarya tsakanin gado da banɗaki. Da aka tsare shi da tambaya, mutumin da ya sha ruwan marigayin shekara shida bai cika minti biyu ba ya ce, "Ɗaki na tara."

Sista Adunni ta zo da takardarta, ta buɗe ƙofar, ta zura hannu.

"Mama, ai aljihuna ya fi wannan sanyi."

"Kasala ce kawai, 'yar nan. Ke ba kya gajiya?"

"Mama, ya mutu."

"Ni ma sau biyu kuna kiran fasto a kaina. Ga ni zaune."

Sista ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta zare filogi. Mai gyara ya zo da yamma, ya saurari ƙirjinsa, ya cire hula.

Marigayin ya bar rabin lemo, robobi uku marasa murfi, da wani abu a leda can ƙurya wanda har yanzu ba a gano danginsa ba. Ya bar Baba Ogunbiyi, wanda ya warke sumul, ya kuma aiko da ta'aziyya ta bakin mai shara don kunya ta hana keken motsi. Ya bar Injiniya Dapo Falade na ƙasar Kanada, ɗan Mama tilo, wanda ya sayi marigayin da kuɗinsa ya aiko shi ya wakilce shi. Wakilin dai bai taɓa fashin kwana ɗaya ba.

Hukumar gidan ta yi wa Mama alkawarin gurbi a babban firijin kicin, inda ake rubuta sunan mutum a jikin roba, miya ta shiga da nama biyar ta fito da biyu. Mama ta gode da wannan karamci, Allah ya saka musu daidai da shi.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe ta ƙofar baya, inda ɗan gwangwan zai jira da baro. Babu anko. Masu zuwa ta'aziyya su yi haƙuri, ruwan da za a ba su mai ɗumi ne.

Injiniya ya bugo waya ya ce kada Mama ta damu, zai aiko da sabo mai ƙofa biyu. Ana sanar da shi cewa doka ta hana shigo da duk wani sabon abu mai filogi. Abin da har yanzu ake bari ya shiga ɗaki na tara shi ne mutum, da ƙafafunsa, daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma. Mama tana nan.