Gwiwar Mai Tsaron Gidan Sai-Baɗi

A wani gari da ake kira Sai-Baɗi, ba a jiran ƙarshen kakar wasa kafin a yi bikin cin kofi. Tun farko ake yi. Magabatan garin mutane ne masu lura. Sun duba suka ga duk shekarar da aka ce a bari sai kofi ya zo hannu sannan a yanka raguna, ragunan tsufa suke yi su mutu da kansu. Sai suka jawo bikin gaba, suka sa masa suna Ranar Hasashe. A ci, a sha, a yi kiɗa, kowane gida ya tashi ya faɗi irin kashin da ƙungiyar gari, Guguwar Sai-Baɗi, za ta ba maƙwabta bana. Abin da zai faru a fili bayan nan kuwa ƙaramin al'amari ne, ya shafi 'yan wasa ne kawai.

Doka ɗaya ce tak: hasashen bana ba ya yin ƙasa da na bara. Kakanninmu da "za mu taɓuka" suka fara. Iyayenmu suka kai shi "babu mai cin mu". Lokacin da na yi wayo, mai shayin bakin tasha rantsuwa yake yi cewa abokan karawa da kansu za su riƙa zura wa ragarsu ƙwallo saboda kunyarmu, mai facin kusa da shi kuma yana zarginsa da raina Guguwa.

Sarkin garin, Mai Martaba Ana-Kan-Shiri, yana da majalisa, Majalisar Masu Hangen Nesa. Sun ci sunansu, don babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin abin da ke gaban ƙafarsa. A ciki akwai Sarkin Hasashe, Alhaji Barau Tabbas, mai riƙe da makirfo ranar biki. Akwai Wakilin Uzuri, Malam Ilu Ba-Mu-Ba-Ne, wanda aikinsa ke farawa idan kaka ta ƙare. Akwai Ma'ajin Kofi, da ke goge wata durowar gilashi kowace safiya, ba komai a cikinta. An ce akwai mai horarwa ma. Ni dai ban taɓa ganinsa ba.

A filin wasa ake bikin, don nan ne kaɗai ke ɗaukar jama'a. Kowane basarake yakan sa a haƙa ramukan kafa rumfarsa, matan girki su haƙa murhu a gaban raga saboda nan ne ba iska. In an watse a cire rumfuna, a bar ramukan. Wani ya taɓa cewa a cike su. Majalisa ta zauna ta ga almubazzaranci ne, tunda baɗi ma a nan za a kafa.

A ɗaya daga cikin ramukan nan ƙafar yayana Lawwali ta faɗa, a wasan ƙarshe na bara. Shi ne mai tsaron gidan Guguwa. Ya fito tarar ƙwallo, ƙafa ta tsaya a rami, jiki ya wuce.

Ni kuwa a lokacin na dawo daga makarantar koyon gashin ƙashi da jijiya da ke birni, da takardata mai daraja ta ɗaya. Ban ɓoye ta ba, kuma ba zan ɓoye ba. Na zaunar da shi a tabarma na kama gwiwar, na ja ta gaba. Ta biyo hannuna kamar ƙyauren da ƙusarsa ta fita.

Na ce, "Yaya, jijiyar ciki ta tsinke. In aka yi maka aiki ka huta kaka guda, za ka taka, har ka yi gudu. In ka buga bana, ƙafar nan ta tafi."

Ya yi dariya. "Ruma ke nan. Ɗan targaɗe ne fa."

"Targaɗe ne yake sa ka yi sallah a zaune?"

Ya kau da kai. Inna da ke tsince shinkafa a gefe ta ce, "Rumasa'u, ki rage murya, katanga ba ta da tsawo."

Washegari na tafi wurin Sarkin Hasashe. Na same shi a zaure ana nuna masa samfurin rigunan bana, waɗanda aka riga aka baza a Kasuwar Tun-Kafin. A bayan kowace an buga hoton Yaya, a ƙasa an rubuta cewa bana ko ƙwallo ɗaya ba za ta shiga ragarsa ba.

Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Ɗiyata, kin yi karatu, madalla. Amma gwiwa ba ta cikin hasashen bana."

"Ranka ya daɗe, tana jikinsa."

"To, ta zauna a can. Mu a nan mun riga mun buga riga. Kin taɓa ganin an warware ɗinki saboda gwiwa?"

"A sa wani a raga, na kaka ɗaya."

"Wani wa? Hasashe ya ce Lawwali. Kina so jama'a su ce hasashe ya yi kuskure tun ba a hura usur ba? Ai sai ƙarshen kaka yake yin kuskure, shi ma ba laifinsa ba ne."

Ranar Hasashe ta zo. Gari ya cika fili, hayaƙin nama ya rufe raga. Makirfo ya fara zagaye gida-gida. Gidan mahauta suka ce za a ci kowane wasa tun kafin hutun rabin lokaci. Gidan maɗinka suka ce tun kafin a fito daga ɗakin sa kaya. Wani tsoho da haƙoransa suka ƙare a jiran kofi ya ce bana kofin da ƙafarsa zai tako, don ya gaji da zama wurin baƙi. Aka yi masa guɗa.

Da aka zo gidanmu, Yaya yana cikin jerin 'yan wasa, Baba kuwa ya daɗe da rasuwa. Inna ta miƙa hannu za ta karɓi makirfo, na riga ta. Ta mintsine ni a cinya. Na miƙe.

Na ce, "Guguwa ba ta yi atisaye ko sau ɗaya ba, fili duk ramuka ne, mai tsaron gida kuma ƙafa ɗaya gare shi. Za a ci mu a gida, a ci mu a waje. In kuka sa Lawwali a raga, ba zai gama kakar nan a tsaye ba."

Makaɗa suka ajiye gula. Wata mata ta toshe kunnuwan jaririnta. A cikin wannan shiru mutum ɗaya ne na ga fuskarsa ta washe, Wakilin Uzuri. Bawan Allah ya daɗe cikin damuwa. Alƙalan wasa duk ya zarge su har sun ƙare. Ya zargi iska, ya zargi rana, ya zargi ƙwallon da aka ɗinka a wata ƙasa. Shekarar da ta wuce sai da ya zargi ciyawa, a filin da ba ta fitowa. Ya taso da sauri har rawaninsa na warwarewa.

"Jama'a, kun dai ji da kunnuwanku! Mugun baki! Duk abin da ya samu Guguwa bana, ga inda ya fito!"

A karon farko a tarihin Sai-Baɗi, an sami uzuri tun kafin kaka, kamar yadda ake samun kofi. Majalisa ta yaba da wannan ci gaba.

Wasan farko aka zura mana huɗu. Ɗaya ta bi ta gefen da Yaya ba ya iya faɗawa, sauran ma haka, don maƙwabta suna da idanu. Da aka tashi, jama'a ba su kalli ramuka ba, ƙofar gidanmu suka kalla. Mai kayan miya ta daina karɓar cinikina. Masu adaidaita in sun hango ni sai su tuna da wani fasinja a wata unguwa. In na yi sallama a gidan biki, a amsa da a'uzubillahi. Majalisa ta kafa doka cewa ranar wasa in ɗaure bakina da ɗankwali daga fitowar rana zuwa usur ɗin ƙarshe.

Na ɗaure. Na zaɓi ja, mai kyau, na sa takalmi mai tsini, na riƙa zama a layin gaba da ƙanƙara da bandeji a jaka. In ana so a ga mai mugun baki, to a gan ta da kyau. Ban sunkuyar da kai ba ko sau ɗaya. Baki a ɗaure aka ci mu biyar. Wakilin Uzuri ya bayyana cewa ta hanci nake yi.

Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da nake gani bayan kowane wasa, in na kwance bandejin Yaya. Gwiwar ta zama kamar kabewa. Ina gasa masa yana cije leɓe.

Na ce, "Yaya, don Allah ka ajiye safar hannun nan. Ka ce ba ka da lafiya. Ai ba ƙarya ba ce."

"In na zauna, za su ce bakinki ya kama ni. Kin san abin da za su yi miki? Yanzu kayan miya suka hana ki. Ranar da na kasa fita, garin za su hana ki."

"To su hana. Ina da takardata, ko'ina zan ci abinci."

"Inna fa? Ita ma tana da takarda?"

Na mayar masa da bandejin. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ɗan tsaya har jirin ya wuce. Ya ce, "Kuma fa saura wasanni da yawa. In muka ci na gaba, muka ci na bayansa, lissafi yana iya juyawa."

Na ɗago na dube shi, ina zaton wasa yake yi. Ba wasa yake yi ba.

A tsakiyar kaka, a wasanmu da Ƙauyen Zufa, waɗanda ba su da Ranar Hasashe don a lokacin suna atisaye, aka ɗago ƙwallo sama. Yaya ya yi tsalle ya cafke ta. Ya sauko. Ƙarar da gwiwar ta yi, daga layin gaba na ji ta. Na fisge ɗankwalin na ruga, dogarin majalisa ya tare ni ya ce usur bai yi ba tukuna, in mayar. Ba a da gadon ɗaukar mai rauni, don hasashe bai taɓa nuna za a ji rauni ba. A kan ƙyallen da aka rubuta murnar cin kofi aka ɗauke shi.

Likitan birni ya duba hoton ƙashi da kyau. Daga baya ya tambayi wane marar imani ne ya bar shi ya buga a haka. Na ce gari guda ne. Ya yi abin da zai iya. Ƙafar tana nan, amma ba za ta sake lanƙwasuwa ba, ba kuma za ta ɗauki nauyinsa ba sai da sanda.

Guguwa ta ƙare a ƙasan teburi, inda ta saba. Majalisar Masu Hangen Nesa ta yi dogon zama, ta fito da sakamako mai ban mamaki. Sun lura cewa tun da aka kafa garin, ba a taɓa yin hasashen da ya tabbata ba sai nawa. Na ce za a ci mu a gida, an ci. Na ce a waje, an ci. Na ce Lawwali ba zai gama a tsaye ba, ga shi. Saboda haka bakin nan ba abin tsana ba ne, arzikin gari ne da ba a sarrafa ba.

Sarkin Hasashe da kansa ya zo gidanmu da alkyabba a hannu. Mai kayan miya ta biyo shi da kwandon tumatir.

Ya ce, "Ɗiyata, abin da ya wuce ya wuce. Bana ke za ki buɗe taro. Abin da kika yi da mugunta, ki yi shi da alheri. Ki ce kofi, shi ke nan."

"Ranka ya daɗe, ba bakina ba ne. Ido ne. Na duba fili, na duba gwiwa, na faɗi abin da na gani. Ku cike ramuka, ku nemo mai horarwa, ku..."

"Kun ji tawali'u," ya ce da 'yan rakiyarsa. Suka ce lallai.

Na karɓi alkyabbar. Ba don su ba. Na ce a raina, tunda sun ba ni makirfo da hannunsu, gaban kowa, kuma yanzu suna tsoron kowace kalma tawa, zan sa su ji abin da ba su taɓa ji ba. Na shirya maganata tsaf. Ba za ta yi wa kowa daɗi ba.

Ranar ta zo. Aka hau da ni dandamali, makaɗa na kirari, hayaƙi na tashi. Sarkin Hasashe ya miƙo makirfo da hannu biyu. Fili ya yi tsit, dubban fuskoki a ɗage, bakuna a buɗe. Na ja numfashi.

Sai na ga jama'a suna darewa a gaban dandamali. Yaya ne, yana tahowa da sandunansa biyu, yana jan ƙafar a ƙasa. Inna na bayansa. Ya sa sabuwar rigar bana, ya sa safar hannunsa ta raga, da su yake riƙe da sandunan. Na ɗauka ya zo ne ya tsaya a gefena. Ya matso har gindin dandamali, ya ɗago kai, idanunsa cike da ƙwalla, ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Ruma, ban taɓa riƙe ki a zuciya ba, Allah ya sani. Amma tunda ke kika ce ta karye ta karye, don Allah ƙanwata, ki ce ta warke. Ki ce ni zan tsaya a raga bana."

Inna ta ɗaga hannuwa sama, tana jiran ta ce amin.