Yadda Na Huda Goran Kakana

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi baje kolin mutanen da a bakin ruwan Wara ba. Har yau in na ga ƙusa yashe a ƙasa sai na ɗauke kai.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba, kowane gari na ji da kansa, yana son a san shi ma da tarihinsa. Sai manyan garinmu suka ce za a ware rana guda a koma zamanin kakanni: tufafinsu, abincinsu, sana'o'insu. Duk mai zuwa ya zo da shigar mutanen da. Ni kuwa sabon malamin firamare ne, jinina na tafasa, ga ni da shegen son sanin komai. Tun daga ranar da na ji sanarwar na yanke shawarar shigar masunta zan yi, tunda jikan masunci ne ni. Kakana na wajen uwa, wanda ake wa laƙabi da Mai Giwa saboda yawan giwan ruwan da ya kama, sunansa bai ɓace ba a bakin tsofaffin gaɓar nan.

Sai dai akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ban iya ruwa ba. Tun ina ɗan shekara bakwai aka kai ni Sakkwato wurin baffana don karatu, ban dawo ba sai da gemu ya fara tsiro mini. Ruwan da na fi sabawa da shi shi ne na bokiti. A garin da yaro kan iya iyo kafin ya iya ɗaure wandonsa, wannan ba maganar da namiji zai faɗa ba ce, don haka na rufe bakina. (Ko kwale-kwale na shiga, tsakiya nake zama, in yi kamar ina karatun jarida.)

Mako biyu na yi ina shiri. Na sayi sabon littafin rubutu, na bi tsofaffi rumfa-rumfa ina tambaya: wace irin hula masuntan da ke sawa? Walkinsu na fatar akuya ne ko ta tunkiya? Me suke ci kafin su fita? Na cika shafi goma sha wani abu. Na sami walki a wurin wani majemi, warinsa kaɗai ya isa ya kori kare. Na sami tsohuwar malafa. Na ari homa, wato ragar nan ta hannu, a wurin Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, wanda har lokacin su ne sana'arsa. Abu ɗaya ya rage, shi ne gora, ƙaton duman nan mai faɗin baki da masunci kan riƙe.

Gora kuwa akwai shi a ɗakin Inna, mahaifiyata, a kan wani tsohon tulu, ta lulluɓe shi da zane. Na Mai Giwa ne. Ya yi baƙi ya yi sheƙi don tsufa, a wuyansa akwai zane uku da aka ƙona da wuta. Da na je aro, Inna tana juya kifi a kan banda, ba ta ko dube ni ba.

"Mi za ka yi da shi?"

"Shiga kawai zan yi, Inna. A gan ni, a ɗauki hoto."

"Wanga gora hwa ba kayan hoto na ba." Ta goge hannu a zanenta. "Ran da anka tashe mu daga tsohon gari, ruwan dam shina tahowa, kowa na kwasar tukwane da akwatuna. Ni shi kaɗai na ɗauko cikin kayan Baba. Gidanmu na can ƙasan ruwa, kabarinai na can. Ka maido mani shi yadda na ba ka shi."

Na rantse mata har da dafa ƙirji. A kaina, ma'anar maganarta ita ce kada in fasa shi. To ni da ma wa ya ce zan fasa?

Da na kai shi ɗakina na gwada shigar gaba ɗaya a gaban madubi, sai na ga matsala. Hannu ɗaya homa, hannu ɗaya gora, to da wane hannun zan gaisa da mutane, da wanne zan yi rubutu? Na juya goran nan sama da ƙasa, babu maratayi. Na ce a raina, Allah sarki mutanen da, duk hikimarsu ba su yi tunanin maratayi ba. Tsofaffi nawa na yi wa tambaya, har da ta launin hula, amma ban tambayi ko ɗaya me ya sa gora ba shi da maratayi ba. Na nemo doguwar ƙusa, na sa a garwashi har ta yi ja, na huda shi wuri huɗu: biyu a kafaɗa, biyu can ƙasa wajen gindi, don ya zauna daidai a bayana kamar ganga. Na zura jar igiyar fata, na ƙulla ta da kyau har ƙullin ya rufe hudojin. Na shafe shi da man gyaɗa. Wallahi a lokacin gani nake na ƙara wa kayan tarihi daraja.

Ranar ta zo. Na fita da sassafe Inna na can bayan rumbu tana shiƙar shinkafa. Kafin in isa filin na cire takalmina da agogo na jefa cikin goran tare da littafina, don kakanninmu ba su san su ba.

Kai, ranar na sha kallo! An kafa rumfunan zana tun daga gindin tsamiya har bakin ruwa. Ga maƙeri da zuga-zugi, ga tsofaffin mata suna kaɗi, mazari na juyawa kamar ba hannu ke juya shi ba. Na tsaya wurin wani dattijo da ke kunna wuta da ƙyastu har sai da ya gaji da tambayoyina ya ce in gwada da kaina, na daki ɗan yatsana na bar masa kayansa. Wani masassaƙi na fafe kwale-kwale daga gungume guda, na tsugunna ina tambayarsa yadda yake gane kaurin da zai bari, ya ce da kunne yake ji in ya ƙwanƙwasa. Na ci tuwon shinkafa a akushi, na sha fura da ludayin duma a wurin matan Fulani da suka zo daga rugagen wajen Shanga. Na kuma ga malamin asibitinmu da shigar maharba, kwari da baka da layu har gwiwa, ga baƙin tabarau a fuska. Na yi masa dariya sosai, ina jin ni dai tawa shigar ba ta da makusa.

Da hantsi ya ɗaga sai na ji kiɗa ya canja can bakin ruwa. Na ga maza wajen talatin, kowa da homa da gora, sun jeru a kan yashi. Na ce bari in matsa in ga me za a yi, in kuma tsaya kusa da su don mai hoto ya haɗa da ni. Abin da ban sani ba, wanda ko ɗan yaye a Wara ya sani, shi ne a irin wannan rana duk namijin da ya taka yashin nan da gora a jikinsa ya riga ya yi magana. Ba a tambayarsa, ba ya kuma komawa da busasshiyar ƙafa.

Ina tsaye sai wani tsoho mai farin gemu ya kama kafaɗata ya juya ni, ya ƙura wa wuyan goran ido.

"Zane ukku! Jama'a, wanga ba goran Mai Giwa na ba?"

Nan take tsofaffi suka yanyame ni, wannan ya shafa goran, wancan ya shafa kaina. Wani har da ƙwalla. Kafin in buɗe baki magana ta kai wurin mai shela, ya ɗaga lasifika:

"Ku saurara! Goran Mai Giwa ya dawo ruwa! Ga jikanai nan, malamin makaranta, boko bai raba shi da gado ba!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Makaɗa suka taso kaina. Na hango Kawu Bawa a cikin layin yana dubana da mamaki, ya matso ya ce a hankali, "Kai, ka iya kuwa?" A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Amma guɗar nan ta riga ta shiga kaina, sai na ji bakina ya ce, "Haba Kawu, jini ai ba ya ƙarya."

Aka busa ƙaho, kowa ya ruga. Na ruga. Na ga kowa ya rungumi goransa ya ɗora ƙirji a kai yana tura ruwa da ƙafa, ni ma na jawo nawa gaba na yi haka. Abin mamaki, sai ga ni a saman ruwa! Ina tafiya! Gaɓa na nisa, iska na bugun fuskata, na ce ashe abin nan ba wuya, ashe tsoro ne kawai ya hana ni shekara da shekaru. Har na fara tsara yadda zan ba Inna labari.

Sai na ji wani ɗan sauti a ƙarƙashina, ƙulu-ƙulu-ƙulu. (Don ku san irin halina: ban tsorata ba da farko, sha'awa abin ya ba ni. Na kasa kunne ina tunanin ko wani irin kifi ne mai kuka, in tambayi Kawu sunansa.) Sai na lura haɓata ta fara taɓa ruwa. Sai bakina. Goran da ya ɗauke ni kamar jaki ya koma yana nitsewa da ni a hankali. Na saki homa, malafa ta bi ruwa, na rufe ido na kwarma ihun da ban san ina da shi ba.

"Wayyo Inna! Ku cece ni! Ban iya ba! Wallahi ban iya ba!"

Ina dukan ruwa, ina salati, ina shan ruwa. Sai na ji muryar Kawu Bawa dab da kunnena, ba gaggawa a cikinta ko kaɗan.

"Malam. Malam! Miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iya cibiyata. Ashe a kan tudun yashi nake, ko wurin da mata ke wanki ya fi shi zurfi.

Kiɗa ya tsaya. Kawu ya sa hannu biyu ya ɗago goran sama da ƙyar, sai ga ruwa na tsartuwa ta hudojin gindi, wani na tsiyaya ta kafaɗa, kowa na gani. Ya kifa shi, takalmina suka faɗo, agogo ya biyo, sai littafin bincikena ya fito a dame kamar fura. Dariyar da aka yi ranar na tabbata an ji ta a tsallaken tafki. Malamin asibiti har ya zauna a ƙasa, tabarau ya faɗi. Amma ba dariyar ce ta kashe ni ba. Tsofaffin nan da suka shafa kaina ne, ko ɗayansu bai yi dariya ba. Mai farin gemun ya sa ɗan yatsa a huda ɗaya, ya dube ni, ya ce, "Da mi ka yi wanga?" Na ce da ƙusa. Ya gyaɗa kai ya juya.

Na fi awa ina zagaya bayan gari da walki a jiƙe kafin in iya shiga gida. Labari ya riga ni, kamar kullum. Na tarar da Inna zaune a kan tabarma. Na durƙusa na ajiye goran a gabanta. Ta kwance jar igiyar da kanta ta ajiye gefe. Ta ɗaga shi wajen rana, haske ya shigo ta huda huɗu ya sauka a zanenta. Na ga idonta ya kawo ruwa, kuma ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba.

"Dorina ta taɓa kihe jirgin Baba tsakiyar Kwara," in ji ta, "wanga gora ya hiddo shi. Ruwa ya ci garinmu, bai ci wanga gora ba." Ta sauke shi a cinyarta. "Sai kai, da ƙusa."

Na ce, "Inna, ki gafarce ni."

Ta shafa wuyan goran da tafin hannunta. Can ta ce, "Ni ma da laihina. Na kai ka birni, na ɓoye gora ƙarƙashin zane, na hana ku sanin juna. Kai wa Bawa shi liƙe shi da danko. Ba shi komawa bisa tulu. Tunda kai ka huda shi, kai za ka hau shi."

Haka kuwa aka yi. Duk Asabar, wata biyar cur, Kawu na tsaye a ruwa yana mini tsawa, ni ina rungume da gora mai tabo huɗu, matan wanki na ba ni shawara kyauta. Na iya ruwa a ƙarshe, ba wani can ba, amma na iya. Na kuma koyi cewa in ka ga mutanen da sun bar wani abu ba maratayi, to ka tambaya kafin ka taimaka musu.

Sunan ne dai ban iya wankewa ba. Kakana ya bar duniya ana ce masa Mai Giwa. Ni kuwa, har ɗaliban da na koyar da suka yi furfura, in sun gan ni a kasuwa sai su rusuna da ladabi su ce, "Barka da rana, Malam Mai Ƙusa."