Rasuwar Telen Malam Danda Mai Wake

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tabarmar kallo da har yau an kasa naɗewa, Malam Danda mai awon wake a kasuwar Urafane yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk ma'abota ƙwallo, daga Tasawa har Kanan Bakashe, rasuwar telensa, wato talabijin ɗinsa. Ta cika ranar Laraba da la'asar, a minti na tamanin da bakwai na wasan kusa da na ƙarshe, ana kunnen doki. Shekarunta goma sha ɗaya a duniya.

A bayan babur aka kawo marigayiyar daga Tasawa, Malam Danda na rungume da kwalinta yana roƙon mai babur ya bi ramuka a hankali. Bai yi wannan roƙon ba ranar da aka ɗauko matarsa Uwani daga asibiti, kuma Uwani ba ta manta ba.

An shaidi marigayiya da haƙuri. In hoto ya ɗauke, mari ɗaya ake yi mata a kunnen hagu, ta dawo ba tare da ta riƙe kowa a zuci ba. Takalmin da Sabi'u tela ya jefi alƙalin wasa da shi a goshinta ya sauka, ta haɗiye. Ba ta san ƙarya ba: ko masu jar riga aka ci, waɗanda maigidanta zai iya barin mudu a buhu saboda su, sai ta nuna, ta kuma maimaita masa sau uku a hankali. Gaisuwarta "tsssss" ce. Amma in ta buɗe murya ta ce "Buuuut!" alamar ƙwallo ta shiga raga, kajin unguwa sai sun kwana biyu ba su natsu ba.

Abu guda ne ba ta taɓa nunawa ba, ƙwallon kwando, kuma ba laifinta ba ne. Malam Danda ya yanke hukunci tun tuni cewa wasan da ake kama ƙwallo da hannu laifi ne tun daga farkonsa har ƙarshensa. Sai Allah ya ba shi Nana Firdausi, 'yarsa ta fari, wadda tsawonta ya sa take sunkuyawa a ƙofar zaure, ta tafi jami'a a Maraɗi ta zama abin tsoro a wannan wasa. Shekara uku tana aiko masa ya zo ya gan ta a fili, shekara uku yana cewa ranar akwai wasa. Bana ce shekararta ta ƙarshe, ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe na jami'o'i, kuma wata tasha za ta nuna shi ranar Asabar. Ya yi mata alkawari zai kalla daga tabarmarsa. Ta ce to, da irin muryar da ta sa ya gane ba za ta sake roƙonsa ba.

Ciwon ajali ya soma da zafin bazara. Bayan marigayiya ya riƙa ɗaukar zafi har ba a iya dafa shi, 'yan wasa suka koma kore, ƙwallo ta zama biyu. Muniru mai gyara ya zo daga Tasawa ya duba ta, ya ce a riƙa kashe ta tana hutawa a tsakiyar wasa. Malam Danda ya raka shi bakin hanya da godiya, ya dawo ya shaida wa jama'a cewa likitan bai san ƙwallo ba.

Ranar Laraba jiki ya tsananta. Da ya ga hoto na neman tafiya, ga masu jar riga sun taso, sai ya yi mata abin da kowane mai hankali ke yi wa jarkar ruwa a bazara: ya tsoma buhun algarara a randa, ya lulluɓe ta da shi. Magidanta ashirin ne a rumfar kallon, babu wanda ya ce kul. Sabi'u ma ya ga buhun bai jiƙe sosai ba, ya ƙara moɗa guda. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "Buu…" sannan "fat!", sai wani siririn hayaƙi ya tashi. Daga baya aka ji ta waya cewa jar riga aka ci. Maigidanta ya yi imani ta rufe ido ne don kada ta nuna masa, kuma wannan ya fi komai sa shi hawaye.

Ta rasu ta bar kwanon parabol a kan soro, yana kallon sama bai san abin da ya faru ba. Da telekomand na canza tasha da aka ɗaure da roba. Da batir da farantin sola. Da benci uku da babu mai zama. Ta bar Malam Danda da alkawarin Asabar a wuya, ga shi duk unguwar babu wata tele. Uwani ta yi masa gaisuwa yadda ya kamata, ta tambaya ko an gama da buhun. Sannan ta wanke masa babbar riga ta rataye a inda zai gani, ta tuna masa cewa Maraɗi ba bayan teku take ba.

Za a yi zaman makoki ranar Juma'a bayan masallaci, a rumfar da marigayiya ta yi rayuwarta. Ana roƙon jama'a kada kowa ya zo da ruwa. Ranar Asabar da hantsi za a kai gawa shagon Muniru a Tasawa, cikin kwalin da ta zo da shi, da zarar Uwani ta kwashe albasarta daga ciki. Ba za a binne ta ba, za a raba sassanta ga 'yan'uwanta marasa lafiya.

Daga can mai makoki zai shiga motar Maraɗi, don haka kada a neme shi a gida. Mai son yi masa ta'aziyya ya same shi a filin wasa, a layin gaba, cikin babbar riga. Iyali na roƙon duk wanda ya zauna kusa da shi ya riƙe masa hannun riga, don in Nana Firdausi ta kama ƙwallo da hannu, kada ya miƙe ya kai ƙararta wurin alƙali.