Notin da Ya Ƙi Karyewa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida baban Fati a Nassarawa GRA ba, saura wata biyu bikinmu. Na sha shadda, na sha turare. Ina shiga na tarar da Alhaji a tsakar gida shi da direban taraktarsa, Malam Ado, sun zuba wa wani guntun noti ido.

Taraktar gonarsa ce, an kawo ta ta yanke ciyawar filin bayan gida. Notin da ke haɗa injin yankan da tarakta ne ya karye, karo na uku a sati.

Alhaji ya ce, "Yauwa, ga injiniya ya zo."

(Kwamfuta na karanta fa. Amma wa zai tsaya yi wa suruki wannan bayanin?)

Na karɓi guntun, na juya shi kamar likita, na ce, "Baba, ai jabu ake sayo muku."

Malam Ado ya ce, "Yallaɓai, shi wannan notin dama don ya karye aka yi shi."

Wallahi dariya na yi. A raina na ce ji mutumin nan, an kama shi yana kare kansa. Na figi mota sai kasuwar Ƙofar Ruwa, na ce a ba ni notin da ya fi kowanne tauri a kasuwar. Na haɗo da washa, zoben da ake sa wa noti, da wani jan gam da na gani a bidiyo, wai in ka ɗiga shi noti ba ya kwancewa. Na dawo na durƙusa da shaddata, na ɗiɗɗiga gam, na ɗaure, har hawa kan sifana na yi da ƙafa. Fati na leƙe ta taga, shi ya sa na ƙara hawa.

Na ce, "Baba, wannan har jikoki."

Malam Ado ya yi bismillah ya tayar da taraktar.

Minti biyar ana aiki lafiya, ina tsaye hannu a aljihu. Sai wuƙar injin ta daki kututture. Ƙarar da na ji ba irin ta noti ba ce. Giyabos, wato akwatin giyar injin, ya tsage, baƙin mai ya fara tsiyaya a ciyawa.

Malam Ado ya sauko a hankali, ya yi mini bayani cikin ladabin da ya fi mari zafi. Ashe da gangan ake sa noti mai laushi a wurin, in wuƙa ta daki abu shi ya karye, giya ta tsira. Ni kuma na sa wanda ba ya karyewa, sai ƙarfin ya nemi wani wurin.

Alhaji ya sunkuya ya duba, ya ɗago.

"Ma sha Allah, injiniya. Notinka dai yana nan."

Yana nan kuwa. Mutum uku suka kasa kwance shi saboda gam ɗina, sai da aka kira mai walda ya yanke shi da wuta.

An ɗaura auren, alhamdulillahi, amma har yau ko ƙwan lantarki ne ya mutu a gidan, ina zuwa ake canza hira. Ni kuma yanzu in dattijo mai baƙin mai a hannu ya faɗi abin da ya yi mini kama da shirme, waje nake samu in zauna in saurare shi.